Wata uku a ajin nahawun Turanci na yamma a Jos: abin da na biya da abin da na kwaso

Buhu 8 na kabeji ne suka kai ni aji, ba son boko ba.

Sana'ata kayan gwari a kasuwar Farin Gada: kabeji, karas, koren tattasai, koren wake, latas, sai dankalin Turawa idan ya shigo daga Bokkos da Mangu. Yawancin cinikina da fatake ne masu lodi zuwa Kudu, su kuwa da Hausa ko broka muke gamawa, ba a taɓa samun tangarɗa ba. Shekara biyu ke nan da na fara samun masu girkin biki da gidajen abinci a Abuja, waɗanda komai a rubuce suke so, a WhatsApp. Wata Alhamis da daddare na rubuta wa wata Madam mai girkin biki a Wuse: “I send your cabbage with driver in the morning.” Abin da ke raina shi ne gobe da safe zan sa mata a mota. Ita kuwa ta ɗauka tun safiyar ranar na turo. Ta tashi yaronta a daren ya tafi tashar Jabi, ya yi ta zaman jiran motar da ko lodi ba a yi mata ba, wayata kuma tana wurin mai caji a kashe. Kafin in kunna ta da hantsi Madam ta riga ta sayi kabejinta a can da tsada, ta ce in riƙe nawa. Kabeji ba ya jiran kowa. Na karyar da shi a ranar, na koma gida da faɗuwa.

Ƙanina da ke karatu a Jami'ar Jos ya karɓi wayar ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Yaya, kalma ɗaya tak ka yar a hanya, ‘will’.” Shi ne ya nuna mini wannan makarantar lesin.

Ba zan kama sunanta ba, domin akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba za su yi wa mai ita daɗi ba. Bene ne a saman wani shagon katifu, ana shiga ta wani lungu daga titin Bauchi. Fom naira 2,000, kuɗin wata 15,000, sai takardun darasi da suke kira handawut, 3,500, kuma dole ne. Ana yi Litinin, Laraba da Alhamis, daga ƙarfe 4:30 zuwa kiran Magariba. Na yi Nuwamba, Disamba da Janairu, wato tsakiyar sanyin Jos, zan dawo kan wannan.

Na gama sakandare a 2005 da D7 a Turanci, taki ɗaya ya rage in kai C6 ɗin da ake nema, ban kuma sake waiwayar takarda ba. Ranar farko na tarar da aji cike da yaran da na kusa haifa, masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Manya ba mu wuce mu shida ba. Wata 'yar yarinya ta ce, “Baba, ɗan matsa mini.” An ce gemu ba ya hana ilimi, to amma ba wanda ya yi maganar gwiwa, domin bencinan na 'yan firamare ne.

Malamin Litinin da Alhamis shi ne makarantar. In babu shi, babu abin da zan zo ina rubutawa. Dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa a sakandare, ya koyar da Hausa, ya koyar da Turanci, kuma wannan haɗin ne sirrinsa. Ya tambayi kowa abin da ya kawo shi. Na ba da labarin kabeji, yara suka kwashe da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya juya ga allo ya rubuta layi huɗu da Hausa: na tura kaya, zan tura kaya, nakan tura kaya, ina tura kaya. Ya ce mu nuna masa abin da ya canja. Muka duba, “tura” tana nan yadda take a duk layukan. Abin da ke motsi shi ne ɗan abin da ke gabanta: na, zan, nakan, ina.

“To kun gani,” in ji shi. “Bahaushe ba ya ɗaura wa aikatau, wato kalmar aiki, agogo. Ɗan rakiyarsa ke riƙe da agogon. Bature kuwa raba shi ya yi biyu, rabi a jikin aikatau, rabi a hannun mataimaka. Alhaji ya ɗauko aikatau ɗin Bature tsirara, ya aika shi Abuja ba agogo ba ɗan rakiya, shi ya sa Madam ta sa masa lokacin da ta ga dama.”

Sai ya jera su a gefen na Hausar: “I sent” na tura, “I will send” zan tura, “I send” nakan tura, “I am sending” ina turawa. A nan wani yaro daga baya ya ce, “Ina Turawa? Suna Ingila, Malam.” Wannan karon har Malam sai da ya dara. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne layi na uku. Ashe abin da na rubuta wa Madam, in ma za a fassara shi da gaske, cewa na yi nakan turo mata kabeji da safe. Shekara shida na yi a sakandare ana ce mini “verb”, mu kuma muna cewa “bab”, kalma ce mai nuna aiki, na haddace, na rubuta a jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa ajiye ta kusa da harshen da nake mafarki da shi don in ga inda suka rabu.

Daga nan kusan wata guda bai bar aikatau ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yawancin aikatau ɗin Turanci masu ladabi ne, ka liƙa musu “ed” a wutsiya su koma jiya: “load” ta zama “loaded”, “pack” ta zama “packed”. Amma akwai kusan 200 masu taurin kai da kowanne ke da tasa hanyar, kuma abin haushin su ne aka fi amfani da su kullum. Kowane yana da fuska uku: “go, went, gone”, “buy, bought, bought”, “send, sent, sent”, wasu ma ba sa motsi ko kaɗan, “cut, cut, cut”, “put, put, put”. Malam ya ce waɗannan ba dabara, sai hadda. Goma-goma yake ba mu, mu biya da ƙarfi tare kamar makarantar allo, har mai katifu na ƙasa ya taɓa hawowa ya ce ko tilawa muke yi. Sarkin masu taurin kan shi ne “be”, mai fuska 8: be, am, is, are, was, were, being, been. Ranar da ya ce “am” da “was” duk mutum ɗaya ne ya sauya riga, na riƙe baki.

Abin da ya fi yi mini amfani a kasuwa shi ne bambancin “I sent” da “I have sent”. Mu “na tura” ɗaya ce ta ɗauke su duka. Ƙa'idar da ya ba mu mai sauƙi ce: in za ka ambaci lokacin da abin ya faru, jiya ko ranar Talata ko ƙarfe bakwai, to “I sent” za ka ce. In kuwa so kake mutum ya san an gama, ya sa ido, ba ka kama lokaci ba, “I have sent”. Haɗa “have” da “yesterday” a jimla guda kuskure ne, ni kuma na shekara biyu ina yinsa.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. A saƙon da nake tura wa sababbin kwastomomi don tallata kaina, na rubuta: “I used to supply fresh vegetables to Abuja.” Nufina nakan kai kaya Abuja. Malam ya karanta a wayata, ya cire tabarau, ya ce, “Alhaji, ka daina sana'ar ne?” Ashe “used to” na abin da aka saba yi a da ne, aka bari. Wato na yi ta aika wa mutane sanarwa cewa da can ina kai kayan gwari Abuja, yanzu kuwa na tuba. Allah kaɗai ya san ciniki nawa wannan jimla ta kora. Gyaran bai wuce share kalma biyu ba, ka ce “I supply” ka yi shiru.

Sauran na aikatau zan taɓa su a gurguje. Harafin “s” da ke rikita kowa, Malam ya ce guda ɗaya ce a gidan, in suna ya ɗauka aikatau ya haƙura: “the driver comes”, “the drivers come”. Ba ta kama ko'ina ba, domin akwai jam'in da ba ya ɗaukar “s” kamar “men” da “children”, amma ta fitar da ni kunya sau da yawa. Sai aikatau ɗin da ba sa son “ing” idan hali suke nunawa ba aiki ba, irin su sani da mallaka da bashi. Mu muna cewa ina da mota, ina son kaza, ana bin ka bashi, shi ya sa bakinmu ke zamewa zuwa “I am having a car” da “you are owing me”, alhali “I have” da “you owe me” ake cewa. Abin dariyar kuma, a “na sani” da “na gane” mu ne muke amfani da siffar abin da ya wuce, Bature ya ce “I know” kawai.

Wata Alhamis ya kawo abin da ban zata ba. Wani ya yi ƙorafi cewa Turanci ya cika sauye-sauye, Hausa ta fi sauƙi. Malam ya rubuta: saya, sayo, saye, sayar, sayu. Ya ce kalma ɗaya ce, amma ɗaya ta kawo kayan wajenka, ɗaya ta kwashe su duka, ɗaya ta fitar da su daga hannunka, ɗaya ta ce cinikin ya yiwu. Masana nahawun Hausa sun kasa aikatau ɗinmu giredi 7. Namu ma yana sauya jiki, sai dai ba don lokaci ba, don alkibla da yadda aikin ya kaya. Bature ba shi da wannan, sai ya nemo wata kalma dabam, “buy” da “sell”, ko ya rataya wa aikatau ƙaramar kalma, “take out”, “bring in”. Haka aro. Mu abin da muke rarrabewa shi ne aro da rance: buta ake aro, ita ɗin za ka mayar, kuɗi kuwa rance, madadinsu za ka kawo. Bature bai damu da wannan ba, shi ina abin ya nufa yake kallo, mai karɓa “borrow”, mai bayarwa “lend”. Shi ya sa “borrow me” ba ta zauna ba, ko da yake duk kasuwar Terminus ta Jos haka ake faɗa. Na fita aji a ranar ina jin Hausa ta ƙara girma a idona, abin da ban biya kuɗinsa ba.

Kan azuzuwan kalmomi gaba ɗaya, ya fara ne daga abin da yawancinmu muka sani a zaure, cewa a nahawun Larabci magana kashi uku ce: ismi, fi'ili, harafi. Turawa kuwa 8 suke lissafawa, lissafin da suka gada daga masana Girkanci da Latin: suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau (kalmar da ke ƙara bayani kan aikatau), mahaɗi, kalmar motsin rai, da ƙananan kalmomin nan masu nuna wuri da lokaci irin namu na a, daga, zuwa, cikin. Wasu littattafan na ware “a” da “the” da danginsu su zama na tara. Amma bai bar mu muka tsaya kan lissafi ba. Abin da ya nanata har muka gaji shi ne kalmar Turanci ba a san ajinta sai an ga aikin da take yi a jimla. Ya ɗauko kalmomin kasuwata: “load”, “order”, “supply”, “water”. A “the load is heavy” suna ce, a “load the lorry” aikatau ce. Gwajinsa: in ta karɓi “the” a gaba ta zauna ita kaɗai, suna ce, in ta karɓi “will”, aikatau ce. Kamar dai mutum guda da safe dillali, da yamma ladan. Da wannan gwajin ne ya kashe mana “off the light”, domin “off” ba aikatau ba ce, sai ka kawo mata “switch” ko “turn” ta jingina.

Sifa ita ce wurin da muka huta. Mu sai mun ce farin buhu, farar mota, fararen kwanduna, Bature “white” ɗaya ta ishe shi. Wakilin suna ma haka, kai da ke da ku duk “you”. Sunayen da ba a ƙirgawa ne suka ɗan ba da wuya: ba a cewa “advices” ko “informations” ko “equipments”, “goods” kuma kullum jam'i ce, “the goods have arrived”.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ranar Laraba ba Malam ba ne. Wani matashi ɗan bautar ƙasa ne, ba ya jin Hausa, wannan ba laifinsa ba ne, yaro ne mai ladabi, Turancinsa kuma tas. Amma koyarwarsa irin wadda ta ba ni D7 ce: ya buɗe handawut, ya karanto ma'ana, mu maimaita, ya ba da misalai da dusar ƙanƙara da jirgin ƙasan da ke bin ƙarƙashin ƙasa. Abin takaici, shi aka bar wa ƙananan kalmomin nan na “in”, “on”, “at”, waɗanda su ne suka fi kayar da Bahaushe, tunda “a” ɗinmu guda ɗaya tana aikin dukansu. A zama ɗaya ya wuce su. Abin da na tsira da shi daga baya na roƙi Malam a bakin matattakala: “at” na ƙarfe kaza, “on” na rana, “in” na wata da shekara. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗina a Laraba ya tafi, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Handawut ɗin kuwa abin kunya ne. Fotokwafin fotokwafi ne, wasu shafukan sai ka kara a hasken waya, kuma akwai kurakurai a amsoshin baya. Wani wuri an sa “friendly” cikin bayanau don kawai ta ƙare da “ly”, alhali sifa ce. Malam da kansa ya sa muka soke da biro. In mai koyarwa ya san takarda da kuskure, me ya sa ake tilasta wa mutane sayenta a 3,500? Na tambayi mai makarantar, ya ce za a gyara a bugu na gaba. Rasit ma sai da na bi shi sau uku.

Ɗakin ya yi kaɗan. Na ƙirga mu 43 wata rana. Gilasan taga biyu sun fashe, iskar Disamba tana shigowa kai tsaye kan masu zaman gefen dama, yatsu su ƙage ka kasa riƙe biro. In an ɗauke wuta ba janareto, ƙarfe shida allo ya ɓace. Wurin alwala babu, sai ka sauka masallacin layin.

Babban ƙorafina dai shi ne haɗa mu da 'yan jarrabawa. Daga tsakiyar Janairu aji ya koma nasu kacokan. Ba na ganin laifin yaran, su ne masu yawa, kuma abin da ke gabansu ba wasa ba ne: Turanci dole ne a JAMB, shi kaɗai tambaya 60 cikin 180, jami'a kuma ba ta kallonka in ba kiredit a Turanci. A WAEC akwai tambayar nan da ba ta fashi a sashen karanta labari, inda za a ciro wani yanki a ce ka faɗi sunansa a nahawu da aikin da yake yi a jimlar. Malam ya iya ta ƙwarai, ya nuna musu cewa yankin jimla ko ganga (wato yanki mai nasa aikatau) sukutum kan yi aikin suna ko sifa ko bayanau, kamar kalma guda. Na fahimta, har na ji daɗinta. Sai dai ni ba WAEC zan zauna ba. Mako biyu aka yi ana bitar sautukan wasula na takardar furuci, ni kuwa abin da nake so shi ne yadda zan rubuta wa kwastoma cewa farashi ya tashi ba tare da ta ji kamar faɗa nake yi ba. Mu shidan nan manya, da tela ɗaya, da mai kemis, da wata Hajiya mai sayar da atamfofi, mun roƙi a ware mana ko da Asabar ce. An ce sai mun kai goma.

Wanda ke da ɗa mai shirin jarrabawa, ya kai shi, ba zai yi da-na-sani ba, musamman yaron da ya taso da Hausa a gida ake ta yi masa bayanin Turanci da Turanci. Ɗan kasuwa irina, wata biyun farko ne naka. Kada ka biya na wata uku a dunƙule ko an ce za a rage maka, ka karɓi rasit a take, ka zo da rigar sanyi, ka zauna gefen hagu. Ka kuma zo da saƙonninka na waya ka nuna wa Malam bayan an tashi, ba ya ƙosawa, kuma minti biyar ɗin nan a bakin matattakala sun fi mini Laraba goma.

Madam ta Wuse ta dawo, ba don Turancina ba, don kabejin Jos ya fi na wurinta ƙwari da araha. Shekaranjiya na loda mata buhu 5 da solo biyu na karas a motar da ke bi ta Akwanga da Keffi, na tsaya a bakin tasha na rubuta: “I have sent your goods. The driver will call you when he reaches Jabi.” Na karanta sau biyu, na duba “s” ɗin “reaches” tana nan, sannan na danna. Da La'asar ta amso da kalma ɗaya, “Received.” Na daɗe ina kallonta. Ba mai aikatawa, ba mataimaki, aikatau ne shi kaɗai, kusan irin wanda Malam ya ce kada in sake aikawa Abuja, ga shi kuma daga Abujar ya zo. Na ɗauki hotonsa, ranar Litinin zan biya ta titin Bauchi in nuna masa.